Laka Da Lissafi: Tarihin Kintacen Gubar Ƙasan Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana yasa ya san abin da guga ke fitowa da shi bayan ruwa ya ƙare, wato baƙar laka mai wari, da tsohon kwano, da guntun ƙarfen da ya shekara goma a ƙasa. Ruwa wucewa yake yi, amma laka tana nan zaune, kuma abin da aka zuba mata ba ta saurin rabuwa da shi. Haka abin yake a kogi da tafki, haka kuma a bakin teku inda jiragen ruwa ke tsayawa. Masana'anta tana iya daina zubar da ƙazantarta yau, baɗi a auna ruwa a ga ya gyaru, alhali dalma da zaiba da sauran tarkacen shekara talatin suna kwance a ƙasa, tsutsa da ƙananan halittu na ci, kifi na cinsu, mutum kuma na cin kifi.

To, ga tambayar da za mu bi tarihinta. Idan aka ɗebo laka aka kai ɗakin gwaji, aka ce akwai dalma kaza, tagulla kaza, shin daga waɗannan alƙaluma kaɗai ana iya faɗin ko lakar nan tana kisa? Kada mai karatu ya ɗauki tambayar da wasa. Yasar tashar jiragen ruwa guda ɗaya tana cin dukiya mai yawan gaske. In an yashe inda ba guba, an yi asarar kuɗin talakawa, in kuwa an bar inda take, an bar ta tana ɓarna. Akasarin wannan muhawara a Amurka aka yi ta, tsakanin 1980 da farkon shekarun 2000, amma a Japan za mu soma, domin can ne duniya ta fara ganin iyakar abin da laka za ta iya ɓoyewa.

Minamata

Ran 1 ga watan Mayu 1956 shugaban asibitin kamfanin Chisso a garin Minamata, Likita Hosokawa, ya kai rahoto ga hukumar lafiya cewa wata cuta da ba a san kanta ba ta ɓulla, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiya. Tun 1932 kamfanin yake amfani da zaiba wajen aikinsa, yana sakin ruwan cikin teku. Da masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka auna lakar bakin magudanar kamfanin cikin 1959, sai suka sami zaiba wajen kilo biyu a kowane tan na laka. Gwamnatin Japan ba ta amsa a hukumance cewa ruwan kamfanin ne sanadin cutar ba sai 1968.

Bayan an rufe bututu, sai aka koma kan laka. Ina za a yasa, ina za a bari? Dole a ja layi. Layin da aka ja a Minamata shi ne miligiram 25 na zaiba a kowane kilo na laka, duk inda ya kai haka sai a kwashe. An soma aikin cikin 1977, aka gama cikin 1990, aka binne lakar a gefen teku aka mai da wurin fili mai faɗin kadada 58. Ragar da aka gitta tun 1974 don tsare gurɓatattun kifaye ba a cire ta ba sai 1997. Wannan adadi na 25 an fitar da shi ne don zaiba kaɗai, don wuri guda, kuma don kare masu cin kifi. Bai gaya wa kowa yadda za a yi da lakar da ta haɗa guba iri ashirin a cakuɗe ba, wadda kuwa ita ce lakar kowane babban birnin masana'antu.

Kafin kwalba ta shigo

Masana ilmin duwatsu su suka fara ƙoƙari. Cikin 1961 Turekian da Wedepohl suka buga jadawalin matsakaicin adadin kowane ƙarfe a duwatsun duniya, har da dutsen da laka ke daskarewa ta zama. Daga nan wani Bajamushe, German Müller, wanda ya yi aiki a kan kogin Rhine, ya fito da hanyar kwatanta lakar yau da wancan adadi na asali, a ga sau nawa ta ninka shi. Cikin 1980 Lars Håkanson na ƙasar Suwidin ya ƙara wa hanyar nauyi, ya ba kowane ƙarfe maki gwargwadon muguntarsa. Har yau ɗalibai na amfani da waɗannan ma'aunai, kuma suna da amfaninsu. Amma abin da suke aunawa shi ne yawan abin da ɗan Adam ya ƙara. Ba su ce ga abin da ya mutu ba. Faɗin cewa miya ta yi gishiri ninki uku daban yake da faɗin cewa ta kwantar da wanda ya sha.

A wani ɓangaren kuma masana magunguna sun daɗe da gane cewa guba ba ta da layi guda. Cikin 1927 J. W. Trevan na Ingila ya nuna cewa neman "ƙaramin adadin da ke kisa" ɓata lokaci ne, domin dabbobi ba ɗaya suke ba, wani ɓera ya mutu da kaɗan, wani ya jure da yawa. Ya ce a nemi adadin da ke kashe rabinsu. Chester Bliss, mai binciken maganin ƙwari, ya kawo hanyar lissafa wannan cikin 1934, Joseph Berkson kuma ya kawo wata cikin 1944, wadda ya gina a kan wani lanƙwasasshen layi mai siffar harafin S da Verhulst na Beljiyam ya zana tun 1838 don bayyana yadda yawan jama'a ke ƙaruwa. Mai karatu ya riƙe sunan Berkson, za mu dawo kansa. Wahalar ita ce duk waɗannan hanyoyi an yi su ne don guba ɗaya da mai gwaji ya auna da hannunsa ya ba dabba. Lakar tashar jirgi kuwa ba wanda ya auna ya zuba.

Puget Sound

A arewa maso yammacin Amurka, cikin Jihar Washinton, akwai wani babban lungun teku da ake kira Puget Sound, biranen Seattle da Tacoma suna bakinsa. A Tacoma akwai wata tsohuwar maƙera ta kamfanin Asarco mai narka tagulla, wadda ta yi shekaru da dama tana fitar da asinik da dalma kafin a rufe ta cikin 1985, ga kuma masana'antun takarda da na sinadarai. Farkon shekarun 1980 Donald Malins da abokan aikinsa na hukumar kula da teku da sararin sama ta Amurka, wato NOAA, suka riƙa samun ƙari da ciwo a hantar wani kifi mai kwanciya a ƙasan ruwa, musamman a wuraren da laka ta fi ƙazanta. Cikin 1983 aka sa gaɓar Commencement Bay ta Tacoma cikin jerin wuraren da dokar 1980 ta tsabtace gurɓatattun wurare ta ce lalle a gyara. Yanzu tambayar Minamata ta dawo, amma da guba iri-iri.

Abin da ya buɗe hanya wani ɗan gwaji ne mai sauƙi wanda Richard Swartz da abokansa na hukumar kare muhalli ta Amurka suka daidaita a ɗakin gwajinsu na Newport, Jihar Oregon, suka buga cikin 1985. Akwai wasu ƙananan halittu dangin jatan lande, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, masu haƙa rami cikin yashi, masana na kiransu amfifod. Sai a sami kwalba mai cin lita ɗaya, a zuba laka kamar santimita biyu, a ƙara ruwan teku mai tsabta, a saki amfifod ashirin. A yi haka kwalba biyar ga kowace laka, a ajiye wasu kuma da yashi mai tsabta don kwatance. Bayan kwana goma a tace a ƙirga masu rai. In mace-macen sun zarce na yashi mai tsabta da tazarar da lissafi ya nuna ba dace ba ne, sai a rubuta cewa lakar mai guba ce. Shi ke nan. A ganina duk tarihin nan a kan kwalbar nan ya ginu, domin daga ranar aka sami abu biyu a gefe da gefe ga kowane samfur: ga alƙaluman sinadarai, ga kuma yawan gawa.

A shekarar nan ta 1985 Edward Long na NOAA da Peter Chapman na Kanada suka ba da shawarar cewa hukunci a kan laka ya tsaya bisa ƙafa uku kamar murhu: awon sinadarai, da gwajin kwalba, da kuma ƙirga halittun da ke zaune a wurin da kansu. Shawara ce mai kyau, sai dai tsada. Awon sinadarai ya fi sauƙin samu, kuma hukumomi sun riga sun tara shi tuli. Abin da ma'aikaci ke so shi ne jadawali, ya duba lamba ya yanke.

Jadawali na farko da ya yi suna a Puget Sound shi ne wanda ake taƙaita sunansa AET. Ga yadda ake fitar da shi. A jera dukkan samfurori bisa yawan dalmar da ke cikinsu, daga ƙarami zuwa babba. A nemi samfurin da ya fi kowane dalma amma bai kashe kome ba. Adadinsa shi ne iyaka, domin duk abin da ke sama da shi, a cikin bayanan da ke hannu, ya yi kisa. Hikimar a fili take, rauninta ma haka. Samfur guda mai yawan dalma da bai yi kisa ba ya isa ya ɗaga iyakar sama, kuma ƙarin bayani ba ya taɓa sauko da ita. Kwamitin masana na hukumar kare muhalli ya duba hanyar cikin 1989, ya ce ta yi amfani a wurin da aka tattara bayananta, amma kada a mai da ita ma'aunin ƙasa baki ɗaya. Jihar Washinton ta ɗauke ta ta gina dokar lakarta a kai cikin 1991.

Lambobi biyu na Long da Morgan

Tun 1984 NOAA take auna laka a gaɓar Amurka, gabas da yamma da kudu, har alƙaluma suka taru ba a san wane wuri za a fara dubawa ba. Cikin 1990 Edward Long da Lee Morgan suka tattara duk rahotannin da suka samu inda aka ga illa tare da awon sinadari. Ga kowane sinadari suka jera adadin da aka ga illa a kansa, daga ƙarami zuwa babba. Sai suka ɗauki maki biyu. Na farko inda kashi 10 cikin ɗari na jerin ya tsaya, suka kira shi ERL. Na biyu tsakiyar jerin, suka kira shi ERM. Ƙasa da na farko illa ba ta cika faruwa ba, tsakanin biyun takan faru jefi-jefi, sama da na biyu tana yawan faruwa. Cikin 1995 Long da MacDonald da Smith da Calder suka sabunta jadawalin da ƙarin bayanai, kuma wannan bugu shi ne ya zaga duniya.

Bari mu ga lambobin, dukansu miligiram a kilo na busasshiyar laka. Dalma 46.7 da 218. Tagulla 34 da 270. Zaiba 0.15 da 0.71. Kuromiyam 81 da 370. Nikel 20.9 da 51.6. Marubutan sun yi adalci, domin sun buga yadda kowace lamba ta cika alkawarinta. Ga dalma, an ga illa a wajen kashi 8 cikin ɗari ƙasa da ERL, kashi 36 a tsakiya, kashi 90 sama da ERM. Wannan tsani ne mai kyau. Ga zaiba kuwa sama da ERM kashi 42 ne kawai. Na nikel ya fi ban mamaki: kashi 17 a tsakiya, kashi 17 a sama, wato lambar ba ta raba kome da kome ba. In mai karatu ya koma jadawalin 1961 zai ga wani abu, matsakaicin nikel a dutsen laka na duniya 68 ne, ya riga ya wuce 51.6, na kuromiyam kuma 90, ya wuce 81. Ashe akwai ƙasar da Allah ya halitta da ƙarfenta, ba masana'anta ko ɗaya kusa, amma jadawali zai ce da ita gurɓatacciya.

Long da abokansa sun sha faɗa cewa lambobin nan na tantancewa ne, don a san inda za a kai kwalba, ba doka ba ne, ba kuma ma'aunin yasa ba ne. Amma lamba in ta shiga jadawali, gargaɗin da ke ƙasanta ba ya binta. Thomas O'Connor, shi ma ma'aikacin NOAA ne, ya gwada su da sababbin bayanai cikin 1998, ya tarar cewa cikin samfurorin da suka haye ERM ko da guda ɗaya, ƙasa da rabi ne suka kashe amfifod. Cikin 2004 ya sake rubutu musamman don ya nuna cewa ERL ba ita ce bakin ƙofar guba ba. Babbar matsalar kuwa ita ce guba ba ta tafiya ita kaɗai. Magudanar da ta kawo tutiya ita ta kawo tagulla da baƙin mai da maganin ƙwari. In amfifod ya mutu, kowane sinadari da ke wurin sai a rubuta masa laifi, kamar a kama duk wanda aka tarar a zauren da aka yi sata.

Masu cewa a bi dalili

Akwai wata makaranta da ba ta yarda da wannan hanya ba tun farko, jagoranta Dominic Di Toro na Kwalejin Manhattan a New York. Su cewa suka yi, abin da ke kashe halitta ba jimlar gubar da ke cikin laka ba ce, abin da ya narke ne cikin ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin laka. Laka iri biyu na iya ɗauke da kadmiyam daidai wa daida, ɗaya ta kashe, ɗaya ta ƙyale. Cikin 1990 suka nuna dalili. Baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana ɗauke da salfaid, wato wani haɗi na farar wuta da baƙin ƙarfe. Salfaid yana kama kadmiyam da tagulla da dalma da nikel da tutiya ya ɗaure su, ba sa narkewa. Muddin salfaid ya fi ƙarafan yawa, ba za su yi kisa ba. Cikin 1991 suka yi irin wannan bayani ga gubobi dangin mai da maganin ƙwari, waɗanda ruɓaɓɓen ganye da sauran tarkacen rai da ke cikin laka ke riƙewa.

Wannan ilmi ne mai zurfi, kuma ya warware abin da jadawali ya kasa. Amma ya fi ƙwarewa wajen cewa "wannan ƙarfe ba shi ya yi kisa ba" fiye da cewa "wannan laka za ta yi kisa". Sa'an nan salfaid ba ya zama wuri guda. Yana ƙaruwa yana raguwa da yanayi, in kuwa laka ta sha iska, kamar lokacin yasa ko lokacin da ruwa ya janye, sai ya lalace ya saki abin da ya ɗaure. Makarantun biyu sun daɗe suna ja-in-ja a mujallu da tarurruka, ɗaya na cewa ku ba ku san dalili ba, ɗaya na cewa ku ba ku iya da cakuɗe ba, kuma kowa da gaskiyarsa.

Daga layi zuwa yiwuwa

Masu jadawali ba su zauna ba. MacDonald da abokansa sun fitar da wasu lambobi biyu, TEL da PEL, don gaɓar Florida, waɗanda suka sa samfurorin da ba su yi illa ba cikin lissafi, Kanada ma ta bi wannan hanya. Cikin 1998 Long da Field da MacDonald suka gwada dabarar cakuɗe: a raba adadin kowane sinadari da ERM ɗinsa, a haɗa, a ɗauki matsakaici. Suka ga yadda wannan matsakaici ke hawa haka yawan lakar mai guba ke hawa. Cikin 2000 kuma MacDonald da Ingersoll da Berger suka haɗa jadawalan ruwan daɗi da ake da su suka fitar da na sasantawa ga sinadarai 28, inda dalma ta sami 35.8 da 128, kuromiyam 43.4 da 111.

Amma matakin da na fi ganin muhimmancinsa shi ne na Jay Field na ofishin NOAA da ke Seattle, shi da abokansa, cikin 1999 da 2002. Su suka koma ga layin Berkson. Maimakon su nemi iyaka, sai suka tambayi wani abu daban: in dalma ta kai kaza, cikin laka ɗari masu wannan adadi, nawa za su kashe amfifod? Suka tattara samfurori fiye da 3,000 daga gaɓar Arewacin Amurka, kowanne da awon sinadarai da sakamakon kwalbar kwana goma, da amfifod iri biyu, Rhepoxynius abronius na yamma da Ampelisca abdita. Kowane samfur ko dai ya yi kisa ko bai yi ba. Sai lissafi ya zana layi mai siffar S wanda ya fi dacewa da waɗannan e da a'a, yana kwance kusa da sifiri inda sinadari ya yi kaɗan, ya miƙe a tsakiya, ya sake kwanciya kusa da ɗari. Suka yi haka ga sinadarai 37.

Don rage matsalar zauren sata, sun yi wata tankaɗe tun kafin lissafi. In samfur ya yi kisa, amma dalmarsa ba ta wuce matsakaicin dalmar samfurori marasa kisa na wannan bincike ba, sai a cire shi daga lissafin dalma, tun da alama wani abu ne ya yi kisan. Daga layin ana iya karanta kowane mataki. Ga dalma, yiwuwar guba ta kai kashi 20 cikin ɗari a wajen miligiram 30, ta kai kashi 50 a wajen 94. Ga laka mai cakuɗe kuwa, sai a lissafa yiwuwar kowane sinadari, a ɗauki mafi girma ko matsakaici, a sake daidaita shi da abin da aka gani a zahiri.

Alfanun wannan hanya shi ne ta raba aikin masani da na mai mulki. Da can lamba ɗaya ce ta haɗa ilmi da hukunci, ba a san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Yanzu masani yana cewa yiwuwar guba a nan kashi 35 ce, ko 60, hukuma kuma ita za ta ce a kan nawa za ta kashe kuɗi, ta kuma ɗauki alhakin zaɓinta. Amma kada a yi zaton layin ya san dalili. Har yanzu haɗuwa yake aunawa. Bai ce dalma ta yi kisa ba, cewa ya yi inda ake samun dalma kaza, haka ake samun gawa kaza, a irin lakar da aka gina shi a kai.

Ba a daɗe ba aka ga iyakarsa. Cikin 2004 da 2005 Donald Weston na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley da Michael Lydy da abokansu suka riƙa samun laka a rafukan gonaki da na unguwannin Kalifoniya tana kashe amfifod na ruwan daɗi, Hyalella azteca. Mai laifin shi ne maganin ƙwari dangin fairitiroid, irin wanda ake fesawa a gona da gida, danginsa kuma ake sa wa gidan sauro. Ba ya cikin jadawalin Long, ba ya cikin 37 na Field. Duk wanda ya auna abin da ke cikin jadawali kaɗai da ya wanke wannan laka. Da Jihar Kalifoniya ta zo kafa ƙa'idar lakar gaɓarta cikin 2008, sai ta sake gina layin Field da bayanan Kalifoniya, ta kuma ce ba a yanke hukunci da awon sinadarai kaɗai, sai an haɗa da kwalba da ƙirgar halittun wurin. Bayan shekara ashirin da uku an koma murhun Long da Chapman.

Aron jadawali

Lambobin nan sun iso ƙasarmu tuntuni, ana ganinsu a kundayen ɗalibai da maƙalun malamai masu auna lakar koguna. Ga wanda zai ɗebo laka daga kogin Challawa, inda ruwan masana'antun jima na Kano ke sauka, ko daga Jakara, akwai abubuwan da tarihin nan ya kamata ya tuna masa. ERL da ERM da layin Field na ruwan gishiri ne, lakar kogi jadawalin 2000 ya fi kusa da ita, shi ma kuwa a kan halittun Arewacin Amurka aka gwada shi. Kuromiyam iri biyu ne, wanda ake jima da shi mai lamba uku, da mai lamba shida wanda ya fi shi mugunta nesa ba kusa ba, awon jimla kuwa ba ya bambanta su. Kogunanmu da yawa suna janyewa da rani, laka ta bushe ta sha iska, damina ta dawo ta rufe ta, ga wanda ya fahimci zancen salfaid ya san samfurin Agusta da na Afrilu ba lalle su faɗi magana ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne a ga laka ba ta kai lambar ba, a rubuta cewa ba ta da illa ga mutane. Lambobin nan ba su san mutum ba. Rayuwar ƙaramar halitta cikin kwalba suke kintata. Zaibar da ta halaka Minamata ta hau ne sannu a hankali daga ƙaramin kifi zuwa babba har ta kai tukunya, kwana goma ba sa nuna wannan. Dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara cikin 2010 ta bi ta ƙura da ƙasar tsakar gida zuwa baki, ita ma da nata ma'auni daban.

Ostareliya da New Zealand sun yi aron nan a fili. Da suka fitar da ƙa'idojin ruwansu cikin 2000, lambobin Long na 1995 suka ɗauka da 'yan gyare-gyare, suka rubuta a jikinsu cewa na wucin gadi ne. Daga nan masanan hukumar bincike ta CSIRO, cikinsu har da Graeme Batley da Stuart Simpson, suka shiga neman halittun ƙasarsu da za su zauna cikin kwalba, suka daidaita gwaji da wani amfifod na bakin kogunan gabashin Ostareliya mai suna Melita plumulosa, suna duba mutuwarsa da kuma haihuwarsa. Da wannan aiki a hannu suka sake duba lambobin da suka aro cikin 2013.